Yadda na gano iskar gidanmu ce ke galabaitar da murjanina

Akwatin gilashin da muke kiwon murjani a ciki yana cin lita 300, yana falonmu a Gwarinpa, jikin bangon da ya raba falo da kicin. Ni da maigidana muka haɗa shi, amma da yake aikinsa na tafiye-tafiye ne, kulawar yau da kullum ta dawo hannuna. Ajiye ruwan teku a Abuja ba ƙaramin aiki ba ne, don sai dai ka haɗa naka. Ruwan famfo ko na burtsatse zai bi ta na'urar tacewa ta RO har ya fita tas, a zuba gishirin teku da ake shigowa da shi daga waje, wajen giram 35 zuwa 38 a kowace lita, a bar ƙaramin famfo ya yi ta juya shi har kwana guda, sannan a auna a ga ya tsaya a 1.025 ko 1.026. Gishirin miya ba ya wannan aikin. Zafin ruwan kuma ana so ya zauna tsakanin digiri 25 da 26, ba hawa ba sauka.

Yawancin baƙinmu suna ɗauka murjani fure ne ko dutse, alhali dabba ne. Ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu kewaye da bakin, suna zaune jingim a wuri ɗaya, masu tauri daga cikinsu suna gina ƙashi da kalsiyam da kabonet da suke ja daga ruwa. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, zooxanthellae, wadda ke amfani da haske ta samar musu da mafi yawan abincinsu. In murjani ya takura sai ya kore ta, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Namu akwai masu laushi irin su zowa da mai fata, akwai mai kan guduma na jinsin Euphyllia, da faranti ɗaya na Montipora. Sai kifaye biyu masu ruwan lemo da fararen ratsi, da jatan lande biyu irin masu goge jikin kifi, da dodon koɗi da ƙananan ƙaguwa masu share gansakuka.

Matsalar ta fara ne da shigowar hunturu. Wanda ke zaune a Abuja ya san ƙurar Disamba da Janairu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Muka rufe tagogi ruf, muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. A daidai lokacin Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Maiduguri ganin likita, tare da ƙannensa da jikoki, ga shi an yi hutun makaranta. Gida ya cika, tukunya ba ta sauka daga kan gas tun safe har dare.

Zowa ne suka fara nuna alama. Da, fitilar akwatin na kunnuwa suke buɗewa gaba ɗaya, sai ga shi rabinsu suna wuni a tsuke. Mai kan guduma ya daina kumbura yadda ya saba, naman ya janye har ana hango farin gefen ƙashinsa. Montipora, da gefensa kan yi fari-fari alamar sabon girma, ya tsaya cak. A saman ruwan kuma sai ga wani maiƙo ya kwanta, irin wanda ke taruwa a kan miyar da ta huce. Kifayen suna cin abincinsu lafiya, abin da ya ƙara ɗaure min kai ke nan.

Na fito da kayan gwaji na bi su ɗaya bayan ɗaya. Amoniya babu. Naitiret kaɗan ne. Kalsiyam 420, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, 8 a ma'aunin dKH, magniziyam daidai, gishiri daidai, zafi daidai. Abu ɗaya ne ya kauce: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru. A da yakan kwana a wajen 8.0 ya kai 8.2 da yamma, yanzu da asuba 7.7 nake samu, da ƙyar yake taɓa 7.9 kafin fitila ta mutu. Akwai garin da ake sayarwa na ɗaga pH, amma ban taɓa shi ba, domin aikinsa ƙara alkaliniti ne, nawa kuwa yana inda ya kamata. In na zuba, lambar za ta ɗan tashi ta sake faɗuwa, alkaliniti kuma ya yi ta hawa har ya zama wata cutar. Sai na canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan. Murjanin suka ɗan warware, ba a jima ba suka koma gidan jiya. Na sake canzawa, haka dai. Gishiri yana ƙarewa, ga tsada, ga shi sai an aiko daga Legas.

Na kira wani abokin maigidana, dattijo ne da ya daɗe yana wannan kiwo a Legas. Na karanto masa lambobin ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, ki bar ruwan nan ya huta haka. Ki faɗa min, me kuke kunnawa a gidan? Mutum nawa ne ke kwana? Yaushe rabon ku da buɗe taga?"

Ya tuna min da na'urar da ke cikin ƙaramin tankin ƙasa, na ƙarƙashin akwatin, wadda muke kira sikima. Aikinta ta zuƙo iska ta markaɗa ta da ruwa har ta zama kumfa, dattin da ya narke a ruwan ya manne a jikin kumfar ya hau sama ya zuba a kofi. Dare da rana tana wannan aikin, ɗaruruwan lita na iska a kowace awa, kuma iskar falonmu take zuƙa. Duk abin da ke yawo a falon, ita ce ke cusa shi cikin ruwan da ƙarfi, ban da wanda saman ruwan ke sha da kansa.

Ya ce in yi gwajin kwalba biyu, wanda shi ne ya raba gardama, kuma ina ganin duk mai irin wannan akwati ya kamata ya iya shi. Na fara daidaita alƙalamin auna pH da ruwan gwaji mai lamba 7 da mai lamba 10, domin in alƙalamin na ƙarya, aikin banza za a yi. Na wanke kwalabe biyu iri ɗaya da ruwan RO, na ɗebo ruwan akwatin na raba musu. Bayan sallar asuba, lokacin da babu janaretan da ke aiki a layinmu, na ajiye ɗaya a falo na jefa mata dutsen iska na ƙaramin famfo, ta yi awa guda tana tafasa da kumfa. Ɗayar na fita da ita bayan gida na yi mata haka, na naɗe ta da tawul don sanyin hunturu kada ya sauke zafin ruwan sosai ya rikita awon. Ta falo ta tsaya a 7.7, ko motsi ba ta yi ba. Ta waje ta haura zuwa 8.2. Ruwa ɗaya, famfo iri ɗaya, iskar da suka sha ce kawai ta bambanta.

Dalilin a fili yake. Iskar kabon dayoksaid, wato CO2, in ta narke a ruwa tana zama ɗan tsami, ta sauke pH. A sararin waje yawanta yanzu ya ɗan haura kashi 420 cikin miliyan. A rufaffen gida kuwa ba wuya ta wuce 1,000, domin kowane babban mutum yana fitar da kusan kilo guda a yini ta numfashi, ga harshen gas, ga garwashi. In alkaliniti bai canza ba, duk lokacin da CO2 ta ninka, pH yakan sauka da kimanin 0.3. Lambar tana kama da ƙarama, amma ma'aunin pH ba a jere yake tafiya ba: saukar 0.3 na nufin tsamin ya ninka sau biyu. A irin wannan ruwa murjani mai tauri yana shan wuya kafin ya ɗora sabon ƙashi. Shi kansa saman teku yana wajen 8.1 ne, ya sauka da kimanin 0.1 tun daga farkon zamanin masana'antu, kuma masana suna ta nuna damuwa a kan wannan ɗan saukar. Nawa ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Na aro ƙaramar na'urar auna CO2 na ajiye a kan tebur. Da asuba ta nuna sama da 1,600. Da aka ɗora tukwane biyu da rana, ƙofar kicin a buɗe, tana hawa ina kallo. Gaskiya a nan hankalina ya bar kan murjani ya koma kan mutanen gidan, don yaran suna tashi da nauyin kai, Hajiya ma tana ƙorafin kasala, mu kuma muna ɗora wa hunturu. Tun ranar na sa aka riƙa buɗe tagar kicin da ta baranda safe da yamma, ƙura ta shigo a goge. Na kuma sa mai gyaran lantarki ya tayar da fankar zuƙe hayaƙi ta kicin da ta daɗe ba ta aiki.

Amma CO2 ba ta bayyana maiƙon da ke saman ruwa ba, a nan ne magana ta zo kan turaren wuta. Ni mai son turare ce, kuma gidan da na yi aure gidan turare ne. Hajiya ba ta zuwa hannu rabbana, takan taho da kwalabe na sandal da hawi da gabgab, haɗin hannu, wanda ya sha mai da turaruka ya jiƙu. Bayan magariba ake hura gawayi, a zuba garwashi a kasko, a zagaya ɗakuna, a ƙare a falo a ajiye shi ya ƙarasa cinyewa. Wata rana na durƙusa gaban tankin ƙasa da tocila daidai lokacin da aka shigo da kaskon. Kumfar sikima tana tsaye a wuyan na'urar, fara, mai kauri, tana turo datti sama. Hayaƙi na cika falon, cikin 'yan mintoci na ga kumfar ta fara fashewa tana zama manyan ƙwai, ta zame ƙasa, wuyan ya koma ruwa zalla yana ɓulɓula. Har muka kwanta ba ta dawo ba. Washegari na sake dubawa a daidai lokacin, haka ta sake yi. Mai yana kashe kumfa, wannan sanannen abu ne, ko hannu mai maiƙo ka tsoma a ruwan sikima takan yi haka. Hayaƙin turare kuwa man da aka jiƙa itacen da shi ne yake ɗauke da shi. Ke nan kullum da daddare, lokacin da fitila ta mutu, gansakuka ta daina samar da iskar oksijin, pH na kan hanyar sauka, lokacin ne na'urar tsabtace ruwan ke tsayawa aiki. Maiƙon da ya kwanta a sama kuma yana rage musayar iska tsakanin ruwa da sarari.

Na sami Hajiya a ɗakinta bayan isha'i, na zauna a ƙasa na yi mata bayani a hankali. Ta ce, "To 'yar nan, gidan mace ya zauna ba ƙamshi saboda kifi?"

Na ce, "A'a Hajiya, ba dainawa za mu yi ba, Allah ya kiyaye. Wuri kawai za mu canza masa. Ki zo ki gani da idonki."

Ta taso da sandarta, na haska mata, aka shigo da kasko ta ga yadda kumfar ta kwanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai abu mai rai amana ne, tun da mun raba su da inda Allah ya ajiye su, haƙƙinsu yana wuyanmu. Ita da kanta ta tsara yadda za a yi: turare a ɗakunan kwana, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe, labulen falo da rigunan kujeru a riƙa cire su ana turara su a kan kabbasa a baranda, a mayar. Falon yana ƙamshi har yanzu, baƙo ba zai ce an daina komai ba. Ranar da za a yi taro kuwa, dole a turara falon kansa, sai in kashe sikima, in rufe saman akwatin, in buɗe tagogi, sai hayaƙin ya fita in kunna. Buɗe tagar nan ma don mu ne, saboda garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe mutane a barci.

Maiƙon da ya riga ya kwanta na kwashe shi da takardar goge hannu marar turare. Ana shimfiɗa ta a saman ruwan, a ɗaga nan take, a jefar, a sa wata. Na kuma ɗaga bakin famfo ɗaya sama don saman ruwan ya riƙa motsi.

Abin da ya fi yi min ciwo ya faru ne ana cikin wannan gyaran. Wani dare aka ɗauke wuta, inbata tana riƙe da famfunan akwatin amma ba fanka a ɗakin samari, sauro ya dame su, ɗaya daga cikinsu ya kunna maganin sauro mai naɗi ya ajiye a lungun da ke fuskantar falo. Yaro ne baƙo, bai san komai a kai ba. Da asuba na tarar da jatan lande ɗaya a kwance a gefe kan yashi, ƙafafunsa na karkarwa, dogayen fararen gashin bakinsa sun lanƙwashe. Ɗayan ya maƙale a bayan dutse ba ya motsi sosai. Ƙananan ƙwarin ruwa da ke fitowa da dare, waɗanda da ƙyar ake ganinsu, ga gawarwakinsu nan warwatse a gaban gilashi. Kifayen suna sama suna numfashi da sauri.

Yawancin magungunan sauro na kunnawa da na fesawa suna ɗauke da sinadarai na dangin pyrethroid, irin su allethrin, transfluthrin, permethrin da cypermethrin. Jijiyoyin ƙwaro suke kamawa, su hana su sakewa, har ƙwaron ya shanye. Jatan lande da ƙaguwa dangin ƙwari ne a halitta, don haka abin da zai kashe sauro zai kashe su, kuma ɗan mitsitsi ya isa. Kifi ma ba ya jure su. A jikin gwangwanaye da yawa an rubuta cewa guba ne ga halittun ruwa, sai dai ba kowa ke karantawa ba.

Allah ya taimake ni ina da ruwan gishiri haɗaɗɗe a duro mai murfi a sito. Na kwashe jatan landen biyu na sa su a bokitin wannan ruwan da dutsen iska. Na buɗe duk tagogi. Na ɗauraye sabon gawayin tacewa da ruwan RO har baƙin ya daina fita, na cika jakar raga na sa inda ruwa ke wucewa da ƙarfi. Wannan gawayi na musamman ne da aka gasa har ya yi ƙananan ramuka marasa adadi, su ne ke kama irin waɗannan sinadarai; gawayin girki ba zai yi ba. Na canza kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan, na wanke kofin sikima, bayan kwana biyu na zubar da gawayin na sa sabo, na sake canza ruwa. Jatan landen da na tarar a kwance bai kai azahar ba. Ɗayan ya rayu, ya yi saɓa, yana nan har yau.

Daga ranar maganin sauro na hayaƙi da na fesawa suka bar gidanmu. Aka gyara ragar tagogi, kowane gado aka ɗaura masa gidan sauro, aka sayo abin kashe sauro na lantarki mai kama da raket. Gidan sauron da aka yi wa magani ma da pyrethroid ake yi masa, shi ya sa ba a wanke shi ko shanya shi kusa da duron ruwana, kuma wanda ya taɓa shi ba ya tsoma hannu a akwati sai ya wanke. Fiya-fiya kuwa ko ƙofar gida ba ya shigowa. Sinadarin dichlorvos ne a ciki, yana tashi a iska da sauƙi, maganin gona ne da bai kamata a ce ana yayyafa shi a ɗakin kwana ba tun farko. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana samun masu zuba shi a lungunan gida.

Daga nan na shiga babban aikin, wato sama wa sikima iskar waje. Shawarar da ake bayarwa ke nan a ko'ina, amma wanda ya ba da ita a Turai ko Amurka bai san bayan gidanmu ba. Mu wajenmu akwai janareta, namu da na maƙwabta, akwai ƙurar hunturu, akwai ƙona shara, akwai masu feshin maganin ƙwari. Na zagaya gidan ina duba ta inda hayaƙi ke bi. Bangon da ke kusa da akwatin yana fuskantar ɗakin janareta ne, don haka bai yiwu ba. Sai muka bi da tiyo ta saman silin zuwa ɗaya gefen, ya fita ta ramin bututun na'urar sanyaya ɗaki, sama sosai, ƙarƙashin rufi, bakinsa na kallon ƙasa don ruwan sama, an ɗaure masa raga don ƙwari. Da yake tafiyar da nisa, tiyon ya fi bakin sikima faɗi, in ba haka ba iskar za ta shaƙe, kumfa ta ragu.

Kafin iskar ta isa sikima, na sa ta ratsa wata gora mai murfi da na huda sama da ƙasa. A ƙasan gorar audugar tacewa ce, a samanta gawayin tacewa. Audugar nan a hunturu ba ta daɗewa take komawa ja-ja, in na cire ta na ga abin da da zai shiga ruwan. Baba maigadi kuma na roƙe shi ya daina ƙona ganye a wannan gefen. Ya ce, "Hajiya, ai sai ki faɗa min tun da wuri, daga yau can bakin kwata zan riƙa kaiwa." Shi ne ma yake zuwa ya ƙwanƙwasa ya sanar da ni in ya ga masu feshi sun shigo layi.

Abu ɗaya da ya kamata a fahimta: gawayin tacewa ba ya cire CO2. Yana kama turare da maganin ƙwari da warin fenti, amma CO2 wucewa take yi. Mai kama ta daban ne. Ƙanina da ke aiki a ɗakin tiyata, ɓangaren sa barci, shi ya gane abin da nake nema tun kafin in gama bayani. Ya ce, "Yaya, ai soda laim kike nufi, shi ne a cikin injinmu yake tsotse numfashin majiyyaci." Ƙananan fararen tsakuwa ne, yawancinsu kalsiyam haidroksaid, an sa musu alamar da ke komawa shuɗi-shuɗi mai ruwan goda in sun ƙoshi. Ya nuna min inda masu sayar da kayan asibiti suke, na saya. Yana da kaifi, da safar hannu nake taɓa shi, kuma ba a bari garinsa ko ruwan da ya taru a gorarsa ya shiga akwati. Yana aiki sosai, amma a iskar falo mai yawan CO2 saurin ƙarewa yake, kuɗin ba zai ɗore ba. Shi ya sa na raba hanyar biyu da ɗan makunni. Yawancin lokaci iskar waje ce ta cikin auduga da gawayi. In an ɗauke wuta da daddare, janaretoci suka tashi ko'ina, hayaƙi ya cika unguwa, sai in juya zuwa iskar ɗaki ta cikin gawayi da soda laim.

Ranar da aka zo feshin unguwa na riga na shirya. Na kashe sikima, na toshe bakin tiyon waje, na lulluɓe akwatin da tankin ƙasa da leda mai kauri na manne gefuna, na bar famfunan ciki suna juya ruwa. Fitila na rage ta don kada zafi ya taru. Ba a barin akwati a rufe haka ya wuni, oksijin zai ƙare, don haka bayan 'yan awoyi, da warin ya lafa, na yaye ledar, na sa sabon gawayi a ruwa da kuma a gora. Sikima sai washegari na mayar da ita kan iskar waje. Cikin gida kuwa na ce kada masu feshin su shigo. Ba abin da ya samu ko ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ruwan goge gilashi na kanti da yawa akwai amoniya a ciki, don haka gilashin akwatin da tsumma nake goge shi, in jiƙa shi da ruwan RO da ɗan ruwan kal a kicin, ba a fesa komai a falo. Yarinyar da ke taya ni aiki ta san bilic da turaren fesawa na ɗaki ba sa zuwa wannan gefen. Kafin in tsoma hannu nakan wanke har gwiwar hannu da ruwa zalla, saboda humra da man shafawa, ko in sa doguwar safa. Da aka zo fenti kafin sallah, na ce a yi da na ruwa, ƙofofin da ke buƙatar fentin mai aka cire su aka fente su a waje suka bushe a can.

Murjani ba ya warkewa da gaggawa. pH ne ya fara dawowa, yanzu yana kwana a 8.0 ya kai 8.2 ko 8.3 da yamma. Zowa suka biyo baya, suka buɗe har suna haihuwa a kan dutse. Mai kan guduma ya ɗauki makonni kafin naman ya sake rufe ƙashin, kai ɗaya daga cikin kawunansa bai dawo ba, na yanke shi. Montipora ya sake fitar da farin gefe. Da girma ya dawo sai alkaliniti ya fara sauka da sauri fiye da da, domin yanzu suna ci, dole na ƙara abin da nake zubawa ina gwadawa a kai a kai.

Abin da ke gabana yanzu shi ne zafin Maris da Afrilu, lokacin da Abuja kan haura digiri 35, a rufe ko'ina a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Irin wadda muke da ita iskar ɗakin kawai take juyawa, ba ta shigo da sabuwa, don haka CO2 za ta sake taruwa, kuma saman ruwan zai sha ko da sikima na jan ta waje. Na sayi na'urar awon CO2 tawa na kafa a bango kusa da akwatin, na kuma yi magana da mai aikin lantarki a kan ƙaramar fankar bango da za ta riƙa shigo da iskar waje ta cikin abin tacewa, a gefen da babu janareta. Ya auna wurin, ya ce sai an fasa bulo ɗaya, mun tsayar da aikin zuwa lokacin da maigidan zai dawo.